Daga Filin Jirgin Sama Zuwa Filin Tseren Motoci

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a jaridarka, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata tafiya da na yi zuwa ƙasar Italiya a ƙarshen watan Agusta na 2024. Tun da na komo mutane ke tare ni a kasuwar Zuru da ƙofar gida, kowa tambayarsa guda, wai da gaske ne akwai motar da ke gudu kamar harsashi? Nakan ce da gaske ne. Amma da na fara kawo zancen abin da ya fi tsaya mini a rai, sai in ga hankalinsu ya koma wani wuri. Don haka na ga gara in rubuta shi daki-daki, mai son ji ya karanta har ƙarshe.

Ni tsohon malamin makaranta ne, mutumin Manga a ƙasar Zuru. Akwai wani yaron wajena da ya shekara tara a birnin Milan, yana aikin gyaran injuna a wata masana'anta. Tun yana ƙarami ba shi da zance sai na mota. Na sha kamo shi a rumfar makanikai lokacin da ya kamata yana cikin aji, na kuwa sha ba shi kashi a kan haka, gama a ganina bai dace ɗan malami ya ƙare da baƙin mai a riga ba. Da ya sami abin hannu sai ya aiko mini da kuɗin jirgi, ya yi ta fama har takardun izini suka fito. Ya ce ya sayi tikiti biyu na babban tseren motoci da ake yi kowace shekara a garin Monza, yana so mu kalla tare. Da na ji kuɗin tikitin, na lissafa buhunan takin da za su saya, sai na yi niyyar faɗa. Uwarsa ce ta tare ni, ta ce, "Malam, yaron nan so yake ka ga abin da ka hana shi. Ka tafi." Na rasa amsa, na shiga shiri.

Na bar Manga ran Laraba da asuba. Muka bi ta Rijau, muka faɗa Kwantagora, daga nan Tegina, Zungeru, ba mu shiga Minna ba sai da magariba. Ramukan hanya, da tsayawa a shingaye, da zullumin abin da ke cikin daji, duk wanda ya bi hanyar nan ya san su, ba sai na faɗa ba. A Zungeru na ga dogo shimfiɗe a gefe, na dube shi kamar yadda kowa ke dubansa, muka wuce. Kashegari na isa Abuja, da dare muka tashi zuwa Santambul ta ƙasar Turkiyya. Jirginmu ya yi latti, wanda zai kai mu Milan ya tafi ya bar mu, sauran na ranar kuwa duk sun cika, sai da na kwana. Wannan kwanan shi ya ɓata shirinmu. Yaron ya ɗauki hutun Jumma'a don ya tarye ni, ga shi ba zan sauka ba sai Asabar da hantsi, sa'ad da yake bakin aiki, ba ya tashi sai ƙarfe biyu. Ya bugo waya cike da damuwa, ya ce, "Baba, ka zauna a filin jirgi har in zo." Na ce masa wanda ya koya wa yara taswira shekara talatin ba zai kāsa bin dogo ba, ya dai faɗa mini hanya. Ya faɗa, na rubuta a bayan ambulan.

Babban filin jirgin saman Milan sunansa Malpensa, yana wajen kilomita 50 arewa maso yamma da birnin. Da aka gama duba takarduna na ɗauki jakata, na bi alamar da aka zana hoton jirgin ƙasa a kai. Ban fita waje ba, ban ga rana ba, ba wanda ya ja mini riga ko ya kama mini jaka. Matakala mai tafiya da kanta ta gangara da ni ƙasa, sai ga ni a tasha. Na sayi tikiti. Ga abu na farko da ya kamata matafiyi ya kiyaye: tikitin takarda ba ya aiki sai ka zura shi cikin wani ɗan akwatin ƙarfe da ke bakin dandamali, ya buga masa rana da sa'a. In ka shiga ba ka yi haka ba, mai duba tikiti ya same ka, tara ce, ko da kuwa ka biya kuɗinka cif. Wannan na kiyaye, gama yana cikin ambulan.

Abu na biyu shi ne ya kā da ni. Jiragen da ke tashi daga nan zuwa Milan iri biyu ne, sunansu ɗaya, launinsu ɗaya, kowanne yana tashi kusan kowane rabin sa'a. Ɗaya yana ƙarewa a tashar Cadorna. Ɗayan yana bi ta Porta Garibaldi ya ƙare a Centrale, babbar tashar da aka buɗe a 1931. Mai nufin Monza na biyun zai shiga, domin daga Cadorna ba jirgin da ke zuwa Monza. Yaron ya ce in sauka a Porta Garibaldi, can zai same ni. Ni kuwa da na ga jirgi tsaye, ƙofa buɗe, an rubuta Milano a goshinsa, sai halinmu na gida ya motsa, watau in ka ga abin hawa ka faɗa ciki, don ba ka san ran da wani zai zo ba. Na faɗa.

Muka wuce Busto Arsizio, muka wuce Saronno, ina ta kallon gonakin masara da masana'antu ta taga, raina fes. Can na ɗaga kai na dubi allon da ke rubuta tashoshin da suka rage. Bovisa, Cadorna. Na duba ambulan, na sāke duban allo, babu Garibaldi. Wayata ba ta aiki a ƙasar, Italiyanci kuwa ko gaisuwa ban iya ba. Baƙo ko da ido makaho ne. Ban san sa'ad da na ce a fili, "Af! Yau na yi aikin banza," ba.

Sai na ji daga kujerar baya an ce, "Baba, lafiya?" Na waiga, sai ga wani saurayi da rigar aiki. Ashe ɗan Zangon Kumasi ne ta ƙasar Gana, Hausarsa irin ta can, yana aikin ɗaukar kaya a filin jirgin, ya taso daga aikin dare. Na miƙa masa ambulan. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ba ka ɓata ba. Duka biyun suna tsayawa a Bovisa. Ka sauka nan, ka jira na bayanmu." Da muka isa ya sauka tare da ni, ko da yake ba nan ce tasharsa ba. Ya nuna mini allon tashi, ya koya mini kalmomi uku: partenze, watau masu tashi; binario, watau lambar dogon da jirgi zai tsaya a kai; uscita, watau mafita. Ya sa yatsa a kan wani layi ya ce wannan ne nawa, ga mintin da zai zo. Na ce, "In ya zo." Ya ce, "Zai zo." Na cire agogona na riƙe a hannu, irin yadda nakan yi wa yara ran jarrabawa. Minti biyu ya ƙara a kan abin da aka rubuta, har aka yi shela ana ba da haƙuri. Na sa wa yaron nan albarka, muka rabu, ko sunansa ban tuna na tambaya ba. Tasha guda, sai Porta Garibaldi. Na zauna a benci ƙarƙashin wasu dogayen benaye na gilashi har ƙarfe biyu da rabi, sai ga yaron wajena a guje. Ya durƙusa a tsakiyar tasha, Turawa na ta kallonmu.

Ran Lahadi 1 ga Satumba muka yi sammako muka koma tashar nan. Jama'a, ban taɓa ganin ja ya taru wuri guda haka ba. Maza da mata, tsofaffi da yara a wuyan iyayensu, kowa da jar riga da jar hula, wasu da tutoci masu hoton baƙin doki ya yi tsaye a kan ƙafafun baya. Alamar kamfanin Ferrari ke nan, wanda Enzo Ferrari ya kafa ƙungiyar tserensa a 1929, kuma a wurin Italiyawa motar nan kamar dokin sarkinsu ce ran hawan salla. Saboda ranar, an ƙaro jirage na musamman masu kai mutane har bakin filin tseren. Wani na cika ya tashi, wani ya shigo. Mu ma muka sami wuri a tsaye.

Daga Milan zuwa Monza tafiyar 'yan mintoci ce, ba ta kai ta shan furar kirki ba. Muka wuce Greco Pirelli, unguwar kamfanin da ke yi wa motocin tseren tayoyi tun 2011, muka wuce Sesto San Giovanni, tsohon garin maƙeran ƙarfe. Yaron ya gaya mini wannan dogon da muke kai tun 1840 aka buɗe shi, shi ne na biyu a duk Italiya, bayan na Napoli zuwa Portici na 1839. Na yi lissafi a zuci, na ga ashe lokacin Shehu Usmanu bai fi shekara 23 da rasuwa ba. Bayan Monza sai muka rabu da babban dogo, muka hau wani ƙarami mai layi guda, ba wayar lantarki a samansa, injin mai ke ja, kamar dai namu. Ya bi da mu gefen kogin Lambro har wata 'yar tasha da ake kira Biassono-Lesmo Parco, wadda a sauran ranaku ba ta fi tashar ƙauye ba. Daga nan ƙofar filin 'yar tafiya ce a ƙasa.

Filin tseren yana cikin wani babban lambu na sarauta wanda aka kafa a zamanin Napoleon, farkon ƙarni na 19. Faɗinsa hekta 688, an kewaye shi da katanga mai tsawon wajen kilomita 14, kamar ganuwar birni. A cikin kurmin nan aka shimfiɗa hanyar tsere a 1922, ma'aikata 3,500 suka gama ta cikin kwana 110. Tun da aka fara gasar duniya ta Formula 1 a 1950, kowace shekara ana yin ta a nan, in banda 1980 da aka kai ta Imola. Kewayen hanyar kilomita 5.793 ne, akan zaga sau 53, jimla kilomita 306 da 'yan kai. Cikin itatuwa har yanzu akwai tsohuwar hanyar siminti da aka gina a 1955, wadda aka karkata kwanoninta kamar gefen ƙwarya don mota ta sha kwana ba ta rage gudu ba. In ka tsaya a gindinta sai ka ga kamar bango. An daɗe da daina tsere a kanta. Wurin kuwa ya ci rayuka. A 1961 motar wani Bajamushe, Wolfgang von Trips, ta ƙwace ta faɗa cikin 'yan kallo, ya mutu tare da mutum 15. Shi ya sa yanzu tsakaninka da hanya akwai raga mai kauri, da tarin tayoyi, da fili na tsakuwa.

Tikitinmu na talakawa ne, na zaman ciyawa. Muka sami gindin itace kusa da kwanoni biyu da ake kira Lesmo, muka shimfiɗa tabarmar roba, ga wani babban allo a gabanmu mai nuna abin da ke faruwa a sauran wurare. Rana ta yi zafi kamar ta Zuru a bazara, ruwan sha kuwa da tsada. Gab da farawa jama'a suka miƙe suna taken ƙasa. Ƙarfe uku daidai aka sake su.

Motoci 20 ne, ƙungiyoyi 10, kowace da biyu. Kafin ka gan su ƙara ke fara zuwa, ka ji ta a ƙirji. Sa'an nan wani abu ya gilma, kafin ka ce wane launi ne ya ɓace. A miƙaƙƙiyar hanya suna kai wa kilomita 350 a sa'a, kewaye guda kuwa minti ɗaya da daƙiƙa ashirin da 'yan kai. Gaskiya zagaye goma na farko ban fahimci kome ba. Yaron ne ya matso kusa da kunnena yana yi mini bayani. Ya ce gudun taya ke ci, kowane direba dole ya tsaya a canja masa aƙalla sau ɗaya, kuma makanikai wajen ashirin ke rufar wa mota su canja tayoyi huɗu cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Na ga haka a allo har sau da yawa, ban gaskata idona ba. Na ce, "Su wane ne waɗannan?" Ya ce, "Makanikai ne, Baba." Bai ƙara kome ba, ni ma ban ƙara ba.

Motoci biyu na kamfanin McLaren su suka fi sauri ran nan, Lando Norris na Ingila da Oscar Piastri na Ostareliya. Direban Ferrari, Charles Leclerc, mutumin Monako, a na huɗu ya tashi. McLaren suka tsaya sau biyu. Shi kuwa ya tsaya sau ɗaya tak a zagaye na 15, ya lallaɓa tayoyin nan zagaye 38 har ƙarshe. Piastri ya biyo shi da sababbin tayoyi yana cin tazarar da ke tsakaninsu kowane zagaye, mutanen da ke kewaye da mu suna ƙirga abin da ya rage da yatsu, wata tsohuwa ta rufe ido da tuta. Leclerc ya riga shi da abin da bai kai daƙiƙa uku ba. Ashe ko a gidan gudu mai tattali ke ci. Aka buɗe ƙofofi, jama'a suka kwarara kan hanyar tseren kamar ruwan Agusta, mu ma muka bi, na taka kwaltar da ƙafata, na ji ta da ɗumi.

Duk tseren sa'a ɗaya da kwata ya ci. Nisan da suka yi a ciki bai gaza na Zuru zuwa Minna da yawa ba, wanda ya cinye mini yini guda.

To, Malam Edita, ga inda nake so masu karatu su tsaya. Da yamma ta yi, duk taron nan, wanda aka ce ya haura mutum dubu 300 cikin kwana uku, dole ya koma gida. Muka koma 'yar tashar nan muka tarar da layi ya miƙe har cikin itatuwa. Mun fi sa'a guda a tsaye, ƙafafuna suka kumbura, ba zan ɓoye ba. Amma layin yana motsi. Jirgi ya zo ya kwashi ɗaruruwa, a tare sauran da shinge, wani ya zo. Ba wanda ya haura taga, ba wanda ya ce shi wane ne, domin kowa ya tabbata wani jirgin na tafe. A nan na gane abin da ya sa na faɗa jirgin Cadorna jiya. Turereniyar da muke yi a tasha, har a ce ba mu da tarbiyya, rashin tabbas ne ya koya mana ita. Motocin tsere mutum 20 suka ɗauka, suka zaga suka komo inda suka tashi. Ɗan jirgin nan mai layi guda, wanda ba wanda ya ɗaga masa tuta, shi ya kai mu, shi ya komo da mu.

Mu ma ba baƙin dogo ba ne. A Zungerun nan da na wuce aka fara shimfiɗa shi a Arewa a 1901. Ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, ya yi ta jan gyaɗa da auduga da fatu. A 2016 aka buɗe sabo daga Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186. Filin jirgin saman Abuja ma an haɗa shi da gari da dogo a 2018, ya tsaya a 2020, aka sāke tā da shi a watan Mayu na 2024. A 2021 aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi. Amma ƙasar Zuru, da dawarta da masararta da ke ciyar da garuruwa, ba ta taɓa jin kukan jirgi ba. Manomi ya yi noma, rabin ribar ta tafi a kuɗin mota da gyaran taya. Ina roƙon wakilanmu, duk sa'ad da aka zauna zancen sabon dogo, su tuna da yammacin nan. Ina kuma roƙon waɗanda aka danƙa wa wanda ke akwai su riƙe agogo, gama dogon da ba a san sa'ar zuwan jirginsa ba ƙarfe ne kawai a ƙasa.

'Yan'uwana malaman makaranta kuwa, ga tawa guda. In kun kamo yaro a rumfar makanikai, ku komo da shi aji, amma ku tambaye shi abin da ya gano can. Dogon da muke roƙo, in ya zo, masu baƙin mai a riga za su riƙe shi. A jirgin komowa wani ya tashi ya ba ni kujera, yaron ya tsaya a kaina yana riƙe da ƙarfe. Na ce masa in ya zo gida hutu ya raka ni rumfar nan ta bakin tasha, in mai ita yana da rai, ina da gaisuwar da zan yi masa.

Haza wasalam.

Naka,
Tsohon Malamin Makaranta,
Manga, ƙasar Zuru.